Igiyar Sonar Titan Int/Sink 3/Sink 5: gwana ce wajen kai babban ƙuda ƙasa, amma a san nauyinta tukuna

A fatsar ƙuda, wato kamun kifi da koton da aka ɗaura da gashi a kan ƙugiya, igiya ce ke ɗaukar koto ta kai shi inda ake so, ba koto ne ke jan igiya ba. Da ƙaramin ƙuda ba a cika lura da wannan ba, kusan kowace igiya za ta yi aikin. Amma idan abin da ake kira ƙuda ya zama siffar ɗan kifi mai tsawon santimita 20 ko 25, an ɗaure shi da gashin wutsiyar barewa da gashin zakara a kan ƙugiya lamba 4/0 ko 6/0, ya kuma jiƙe sharkaf, to a nan ake gane igiyar da ta isa da wadda ba ta isa ba. Irin wannan ƙudan ake jefa wa kifin faik a Turai da Kanada, da maski a Arewacin Amurka, da taimen a Mongoliya, da giwan ruwa a Tafkin Nasser. Tsagen Zambezi da doradon Ajantina ƙudansu bai kai haka girma ba, amma su ma sai an sauke musu shi ƙasa da sauri.

Igiyar da muke magana a kanta ta kamfanin Scientific Anglers ce, na garin Midland a jihar Michigan, wanda aka kafa a 1945, kuma yana hannun kamfanin Orvis tun 2013. Sunanta ma ya faɗi yadda aka gina ta. Kashi uku ce, kowane da saurin nutsewarsa. Siririn ɓangaren baya, wanda ke hannun mai jifa, yana nutsewa sannu a hankali, inci ɗaya da ɗoriya a daƙiƙa. Tsakiya tana yin wajen inci 3 a daƙiƙa. Gaba, wato wajen ƙuda, wajen inci 5, kusan santimita 13 ke nan. Garin ƙarfen tungstin da aka cuɗa cikin rufin igiyar shi ke sa ta nutse, kuma yawansa ne ya bambanta daga wannan kashi zuwa wancan.

Dalilin wannan rabo shi ne babban abin da ake saya. Tsohuwar igiyar nutso mai nauyi bai ɗaya cikinta ne ke fara sauka, domin ya fi kauri da nauyi, sai baki ya biyo baya. Abin da ke ƙarƙashin ruwa sai ya zama kamar baka: ciki a ƙasa, ƙuda a sama. Kifi ya kama, sai an janye wannan lanƙwasar duka kafin hannu ya taɓa ƙugiya, kafin nan kuwa ya tofar. Igiya mai yawo a sama da baki mai nutsewa ita kuma tana karyewa ne a mahaɗa, kuma duk jan da aka yi ƙuda sama yake tasowa. Wannan tana sauka ne a miƙe, a karkace, daga kan sanda har ƙuda. Ana jin bambancin a yatsa. Ko ciyawa ƙuda ya shafa za a ji, balle kifi. Ga masu farautar kifaye masu bakin ƙashi, irin su tsage da maski, wannan miƙewar ita ce tsakanin a kafa ƙugiya da a tashi da labari.

Sai maganar nauyi, kuma a nan gizo ke saƙar. Ma'aunin da masana'antun suka amince da shi tun farkon shekarun 1960 yana auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya ne ya ba ta lamba, wadda ake dacewa da lambar da ke jikin sanda. Lamba 8 giram 13.6 ce, lamba 9 giram 15.6, lamba 10 giram 18.1, lamba 11 giram 21.4, lamba 12 kuwa giram 24.6. Kamfanin bai ɓoye ba cewa duk igiyoyin Titan an yi su ne da nauyin lamba biyu sama da abin da aka rubuta a kwali. Wato wadda aka rubuta wa 10 nauyin 12 gare ta, wajen giram 24 da rabi. An yi haka da gangan, don sanda ta lanƙwasu da igiya kaɗan a waje, ƙaton ƙuda kuma ya juya ya miƙe a ƙarshen jifa maimakon ya faɗo a dunƙule.

Kuskuren da aka fi yi ya taso ne daga wata tsohuwar shawara, cewa mai jefa babban ƙuda ya ƙara wa sandarsa lamba ɗaya. Shawarar daidai ce ga igiyar da ke bin ma'auni. Ga wannan ba haka ba ne. Wanda ya ɗora Titan lamba 11 a kan sanda lamba 10 ya ɗora mata nauyin da ya zarce na lamba 12, ga kuma jiƙaƙƙen ƙuda a kai. Alamar ba ta ɓuya: sanda na lanƙwasa har wajen mariƙi, ba ta dawowa da wuri, igiya na faɗuwa baya ta bugi ruwa, ƙuda na dukan jikin sanda. Dukan ƙuda mai idon ƙarfe a jikin sanda kuwa shi ne sanadin yawancin karayar da ake ɗora wa kifi alhakinta, domin sandar tana tsagewa ne a ranar, ta ƙarasa karyewa wata rana daban. A sayi lambar da ke jikin sanda. Idan sandar mai laushi ce, ko tsohuwar ƙira wadda ke lanƙwasa tun daga tsakiya, a sauko da lamba ɗaya, ba za a yi da-na-sani ba. Sanda mai tauri, mai saurin dawowa, ƙafa 9, ita ce abokiyar wannan igiya.

Jifa da ita ba irin jifan igiya mai yawo ba ne, kuma wanda ya ƙi sauya hannu zai zage ta a banza. Kanta, wato ɓangaren mai nauyi, gajere ne, ƙafa 30 da 'yan kai. Ba a ɗaga ta daga cikin ruwa kai tsaye, domin tana nutse, kuma fizgar ta da ƙarfi na iya karya sanda. A janyo ta har sai kan ya shigo cikin zobban sanda, saura kamar ƙafa 15 zuwa 20 a waje. A mirgina ta gaba sau ɗaya don ta taso saman ruwa. Kafin ta sake nutsewa a ɗauke ta baya, a saki kaɗan, a kai gaba, a sake komawa baya sau ɗaya, a harba. Lilo biyu ya isa. Kowane ƙarin lilo a sama ƙarin dama ce ta ƙugiya lamba 6/0 ta sami ƙeyar mutum, shi ya sa tabarau da hula ba ado ba ne a nan, kuma muna ba da shawarar a matse ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin a fara.

Abin da ya fi ɓata jifa shi ne barin siririn ɓangaren baya ya fita daga bakin sanda da yawa yayin lilo. Siririyar igiya ba ta iya juya mai kauri. Idan abin da ya fita ya wuce kamar mita ɗaya, ƙarfin hannu ba ya isa kan igiyar, sai ta riƙa tsalle tana karkarwa a sama, madaukin jifa, wato lanƙwasar da igiya ke yi a sama yayin jifa, ya rushe. Maganin mai sauƙi ne. A nemo daidai wurin da, idan yana cikin yatsu, ƙarshen kan igiyar ke bakin sanda, a naɗa siririn zare a wurin sau shida ko bakwai, a ɗiga gam kaɗan. Yatsa zai ji shi ko da dare, abin da ke da amfani ƙwarai ga masu neman giwan ruwa bayan faɗuwar rana. Sannan a buɗe madaukin jifa. Matsattsen madauki da ake yabo a fatsar ƙananan kifaye haɗari ne a nan. A kai sanda baya ta gefe, a dawo da ita gaba ta sama, cikin kewaye ɗaya ba tsayawa, yadda nauyin ƙuda ba zai fizgi igiya a ƙarshen lilo ba. Da jan igiya da hannun hagu a lilon baya da na gaba, mai matsakaicin gwaninta zai kai mita 18 zuwa 20 ba tare da ya gaji da wuri ba, kuma yawancin waɗannan kifaye a ƙasa da haka ake kama su. Saboda siririya ce idan aka gwada ta da igiya mai yawo, tana keta iska fiye da yadda ake zato.

Faɗuwarta a ruwa dai ba ta da ladabi. Tana sauka ne da ƙarfi, fal. A ruwa mai zurfi ko mai gudu ba komai. A kan kifin da ke kwance a ruwan gwiwa yana shan rana, kamar yadda faik ke yi a farkon bazara, korar sa za ta yi.

Zurfin da take aiki sosai shi ne mita ɗaya da rabi zuwa huɗu. Ƙirga ake yi. A ruwan da ba ya gudu, daƙiƙa 10 na kai bakin igiya kusan mita ɗaya da kwata, daƙiƙa 20 kusan biyu da rabi. Wannan lissafin takarda ne, a zahiri kullum ƙuda bai kai nan ba, domin gashin barewa rami ne a cikinsa kuma yana riƙe iska, gudun ruwa kuma na ɗaga igiya, jirgi in yana tafiya da iska shi ma haka. A fara da ƙirga 5, a yi jifa uku ko huɗu, a koma 10, a koma 15, har a taɓa ƙasa ko a sami kifi, sannan a riƙe wannan ƙirgar. A kogi a jefa sama da inda ake nufi, a bar ta ta sauka ba tare da an ja ba, sai ta zo daidai gaba sannan a fara. Wanda yake son ya wuce mita biyar ya nemi 'yar'uwarta Sink 3/5/7. Wanda ruwansa bai wuce mita biyu ba, kuma ciyawa ta cika shi, Hover/Sink 2/Sink 4 ta fi masa, wannan za ta yi ta kwaso masa ganye ne kawai.

Akwai wata dabara da wannan igiya ta fi kowace dacewa da ita: a haɗa ta da ƙuda mai son tasowa, mai kan gashin barewa ko ɗan soso. Igiya na ƙasa, ƙuda na bisanta. An ja, ya dulmiya. An tsaya, ya ɗan taso yana karkata gefe kamar kifin da ya ji rauni. A wannan tsayawar ake yawan kai masa hari, kuma da yake yana sama da igiya, bai cika maƙalewa a duwatsu da kututture ba.

Zaren gaba, wato wanda ke tsakanin bakin igiya da ƙuda, ya zama gajere. Duk wahalar da igiya ta sha ta sauka, dogon zare zai bar ƙuda yana shawagi a sama. Mita ɗaya zuwa ɗaya da kwata, jimla, ya wadatar. Tsarin da ba ya ba da kunya shi ne santimita 60 na fulorokabon (zaren roba garai-garai) mai ƙarfin fam 40, wato kilo 18, sai santimita 30 na mai fam 20 zuwa 25, sai santimita 25 zuwa 30 na waya. Wannan guntun na tsakiya mutane da yawa suna tsallake shi, suna ganin rauni ne. Rauni ne kuwa, kuma don haka aka sa shi. Igiyar nutso dole wata rana ta maƙale a ƙasa. Idan zaren gaba daga farko har ƙarshe fam 60 ne, abin da zai tsinke shi ne igiyar kanta ko madaukinta, ko a ja har sanda ta tafi. Gara a rasa ƙuda.

Waya kuwa ba a muhawara a kanta ga faik da maski da tsage da dorado. Mai silli 49, wadda aka rufe da nailan, mai ƙarfin fam 30 zuwa 40, tana ƙulluwa kamar zare. A haɗa ta da fulorokabon da ƙullin Albright, a jiƙa shi da yawu kafin a ja, a ja a hankali don kada rufin ya saɓule. Bayan kowane kifi a bi ta da yatsa. In ta nannaɗe kamar wutsiyar alade ko rufin ya yage, a yanke a sake, ba ta gyaruwa. Wayar titaniyam ba ta nannaɗewa, shi ya sa ake son ta, amma aibinta ke nan: ba ta nuna gajiya, sai dai a ga ta tsinke a ƙulli. Giwan ruwa daban ne. Ba shi da haƙoran yanka, bakinsa kamar sanfefa yake, murfin kunnensa kuma da kaifi, don haka guntun nailan ko fulorokabon mai fam 80 zuwa 100 ya fi masa waya.

Madaukin da igiyar ke zuwa da shi daga masana'anta yana da kyau, amma shi ne wurin da ke fara mutuwa. Siririn zare mai tauri yana yanka rufinsa sannu a hankali, ruwa ya shiga cibiya. A yi madaukin zaren gaba da mai kauri, fam 40 ko sama, kuma a tabbata madaukan biyu sun rungumi juna a kwance, ba ɗaya ya shaƙe ɗaya ba. Ga mai neman kifin da ya wuce kilo 15, muna ganin ya kamata a ƙarfafa gindin madaukin da ƙulli biyu na zare fam 12, a shafa gam mai laushi a kai. Aikin minti biyar ne. Masu bin maski, waɗanda ke shigo da zaren gaba har bakin sanda su zana lamba 8 a ruwa gefen jirgi don kifin da ya biyo, su fi kowa kula da wannan mahaɗa, ta zama sumul yadda za ta wuce zobe ba tare da ta maƙale ba.

Idan kifi ya kama, kada a ɗaga sanda. Bakin sanda na kallon ruwa, yana nuna igiya, a ja igiyar da hannu da ƙarfi, doguwar ja, a sake ja sau ɗaya ko biyu, sannan a ɗaga ta gefe. Sanda lanƙwasa take yi, ba ta iya tura ƙugiya mai kauri cikin ƙashi. Igiyar na ɗan miƙewa kamar roba idan an ja ta daga nesa, don haka jan da ya isa a mita 8 bai isa a mita 20 ba, sai an ƙara tsawonsa. Kuma a sa abin kare yatsa ko a naɗa filasta a manuniya da ta tsakiya. Siririyar igiya jiƙaƙƙiya, da ɗan yashi a jikinta, in tsage ya fizge ta yanka take yi kamar reza.

Aibinta na yau da kullum cuɗewa ne. Ɓangaren baya siriri ne, kuma tun da shi ma nutsewa yake yi, mai tsayuwa cikin ruwa zai tarar ya sauka ya naɗe masa ƙafa ko ya shige ƙarƙashin dutse, jifa ya mutu a rabin hanya. Kwandon igiya da ake ɗaurawa a ƙugu, mai 'yan tsinkaye a ciki, dole ne ga mai shiga ruwa. A cikin jirgi bokiti mai faɗi da ɗan ruwa a gindinsa ya isa. Kafin jifan farko a zaro abin da za a yi aiki da shi daga kwarkwaro, a miƙe shi gaba-gaba tsakanin hannu biyu, sannan a sake tara shi yadda ɓangaren da zai fara fita zai kasance a sama. Mutane na mantawa da wannan na ƙarshe, sai jifan farko ya tashi da dunƙule ya toshe zobe. Babban ƙuda kuma yana juyawa a iska, yana murɗe igiya kaɗan-kaɗan. In an ga tana naɗe kanta da kanta, a cire ƙuda, a sake ta duka bayan jirgi ko a gangaren kogi na minti biyu, za ta warware.

Sai zafi, wanda ya kamata mai saye ya duba tun a kwali. Wannan samfurin an yi shi ne don ruwa mai sanyi da matsakaici, cibiyarsa da rufinsa masu laushi ne don kada su ƙage a sanyi. A rana mai tsanani, a kan ƙarfen jirgin da ya ɗau zafi, laushin nan na zama illa: igiya ta yi lagwab, ta riƙa manne wa zobba, cuɗewa ta ninka, nisa ya ragu. Jiƙa ta a bokiti na rage abin amma ba ya kawar da shi. Mai nufin Zambezi ko Amazon ko Tafkin Nasser ya nemi igiyar da aka rubuta mata ta ƙasashen zafi, mai cibiya mai tauri, kamfanin na yin su. Ita ma waccan in aka kai ta ruwan sanyi sai ta zama kamar wayar lantarki, ba ta miƙewa. Igiya ɗaya ba ta yin duka biyun.

Kula da ita ba wuya. Ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumma, bayan kowace fita uku ko huɗu. Kada a shafa mata man da ake shafa wa igiya mai yawo don ta ƙi nutsewa. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin rufinta, man kare fata daga rana shi ma ba ya yi mata kyau, a wanke tafin hannu bayan an shafa. Kada a bar ta a mota a rana, kada kuma a taka ta a kan yashi ko a gwada jifa da ita a kan kwalta. In za a ajiye ta wata da watanni, a sauke ta daga kwarkwaro a naɗe ta a faɗi.

Wadda ta fi kusa da ita a kasuwa ita ce Outbound Short ta kamfanin Rio, mai kai ƙafa 30, ita ma mai nauyi sama da ma'auni, kuma a hannun mai jifa aikinsu ya yi kusa ƙwarai. Wanda ke da ɗaya ba shi da dalilin sayen ɗayar. Wanda kuwa igiya mai yawo kaɗai yake da ita, kuma kifayensa na kwance a bakin gangare ko ƙarƙashin gudun ruwa, wannan ce igiya ta biyu da ya kamata ya saya, a kan kwarkwaro na daban mai ɗaukar aƙalla mita 100 na zaren baya, wanda ake naɗawa a ƙarƙashin igiya, mai fam 30. Mai neman giwan ruwa ya ninka wannan, tsawo da ƙarfi.